Liƙin dalma ko gam mai haɗi biyu: wanne ke riƙe lagireto a zafin Kebbi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi da Argungu ke haura digiri 40, rumfunan masu gyaran lagireto ba sa rabuwa da layi. Motar haya mai bin hanyar Jega zuwa Yauri, tarakta, janareton otal, injin casar shinkafa, duk abin da ruwa ke sanyaya shi, a wannan tsakanin ne rauninsa ke fitowa fili. Kuma sau da yawa ba tsakiyar lagireton ke fara yoyo ba, gindin wuyan da tiyo ke shiga ne, ko wuyan murfi, ko ɗan bututun da ke fitar da rarar ruwa.

Abu biyu ake miƙo wa mai injin. Ko a ciro lagireton a kai wa mai liƙin dalma, ko a aiki yaro shagon kayan gyara ya sayo gam ɗin nan mai haɗi biyu, baƙi da fari, wanda ake kira efoksi, wasu kuma su ce masa Araldite ko da ba kamfanin ne ya yi shi ba. Gam ya fi araha, ba ya buƙatar wuta, ba sai an kwance komai ba. Shi ya sa yake da farin jini. Amma a kan wuyan tagulla ko jan ƙarfe, inda akwai zafi da matsi da girgiza, dalma ce gyara, gam kuwa lallaɓawa ne a kai gida. Akwai inda gam ya fi dalma, za a zo wurin.

Sai an san abin da wuyan nan yake ɗauke da shi kafin a gane dalili. Dubi murfin lagireto, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan shi ne matsin da murfin ke riƙewa kafin ya saki, kusan kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i, kuma shi ke hana ruwa tafasa sai ya doshi digiri 120. Wuya mai faɗin milimita 32, idan matsi ya kai 1.1, ruwan ciki na tura shi waje da nauyin da ya kai kilo 9. Ƙara da nauyin tiyo cike da ruwa, ƙara da jijjigar inji da tiyon ke kawowa kai tsaye. Sannan kullum ƙarfen sai ya tashi daga sanyin asuba zuwa digiri 90 ko fiye, ya sake hucewa da dare.

A nan gam ke faɗuwa. Shi a saman ƙarfe yake kwanciya, ya kama ƙananan ƙarce-ƙarcen da ke jikinsa. Idan zafi ya hau, efoksin da ba a cakuɗa shi da garin ƙarfe ba yana buɗewa ninki biyu zuwa uku na yadda tagulla ke buɗewa. Yau ya buɗe ya tsuke, gobe haka, a hankali gefen facin ya ɗaga, ruwan zafi ya sami hanyar shiga ƙarƙashi. Shi ya sa idan facin gam ya saki, za ka ɓamɓaro shi gaba ɗaya da farce, cikinsa sumul, da hoton wuyan a jikinsa. Gam ɗin bai karye ba, rabuwa ya yi da ƙarfen. Dalmar liƙi kuwa, wadda yawanci haɗin kuza ce da dalma, kuzar da ke cikinta haɗuwa take yi da fuskar jan ƙarfen su zama jiki ɗaya, kuma yadda take buɗewa da zafi bai yi nisa da na tagulla ba.

Dalmar ma iri-iri ce, kuma ya kamata mai injin ya tambaya. Ba laifi ba ne ka ce, "Malam, wace iri za ka sa mini?" Lambobin da ke jikin sanda ko nadin waya suna nuna kason kuza da na dalma. Mai 60/40 tana fara narkewa a digiri 183, ta gama zama ruwa a wajen 190, tana gudu sosai, ta dace da haɗin da ya zauna daram. Mai 50/50 sai wajen 215 take gama narkewa, tsakanin nan tana da kauri, mai aiki na iya tara ta a gindin wuya, ita ce ta fi dacewa da yawancin aikin lagireto. Wadda ba dalma a cikinta, kuza da ɗan jan ƙarfe, tana narkewa a 227, mai ɗan azurfa kuma a 221. Abin da ba a so shi ne dalmar tsohon batir da wasu ke narkawa su zuba a matsayin sanda. Kusan babu kuza a ciki, sai wajen digiri 300 take narkewa, kuma ba ta jiƙa tagulla, dunƙulewa take yi a sama. Ana gane aikinta: fari-fari mai duhu, tsibi guda, gefensa bai kwanta ba.

Ga yadda aikin kirki yake tafiya, domin wanda ya kai gyara ya san abin da zai sa wa ido. Da farko a ciro lagireton, a tsiyaye shi, a bar shi ya bushe. Duk wanda ya ce zai liƙe maka shi a jikin mota da sauran ruwa a ciki, kuɗinka kawai yake so. Ruwa ba ya wuce digiri 100 a buɗe, matuƙar akwai shi a bayan ƙarfen, wurin ba zai kai zafin da dalma za ta gudu ba, kuma tururi zai huda ta ya bar ƙananan ramuka.

Sai a nemo ainihin inda yake yoyon, don inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ne ramin ba. A toshe bakunan, a ba shi iska da famfon keke, a nutsa shi a baho, a bi kumfa. Iskar kada ta wuce lambar da ke jikin murfi. Injin mai faci na iya ba da ninki da yawa na wannan, ya kumbura tanki ya buɗe haɗin da lafiyarsa ƙalau.

Wuyan da ya tsage a gindi ba a ɗora masa sabuwar dalma a kan tsohuwa. A ba shi wuta a zare shi gaba ɗaya, a share tsohuwar dalmar da buroshin waya tun tana ruwa, a goge fuskokin biyu da samfefa har sai tagullar ta fito tana ƙyalli. Wannan gogewar ita ce rabin aikin, kuma ita ce masu gaggawa ke tsallakewa. Bayan nan a shafa ruwan liƙi, wanda masu aikin ke ce wa asid, a fara shafe kowace fuska da siririyar dalma ita kaɗai. Idan an ga wani gurbi da dalma ta ƙi kwanciya, to akwai datti, a koma samfefa. Sannan a mayar da wuyan mazauninsa. Ratar da ke tsakani kada ta wuce kaurin takarda, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, domin a irin wannan ratar ce narkakkiyar dalma ke tsotsuwa da kanta ta zagaye haɗin. Rata mai faɗi sai dai a cika ta da tsibi, tsibi kuma tsagewa yake yi.

Ƙarfen ake ba wuta, ba sandar ba. Idan ƙarfen ya yi zafin da ya dace, ana taɓa shi da sanda za ta narke ta shige ciki. Wanda ya narka sanda a harshen wuta ya ɗiga a kan ƙarfe mai sanyi, ya yi ado ne kawai, ranar da inji ya yi zafi za a gani. A wannan gaɓar ce ake bambance gwani da ɗan koyo, musamman da yake da yawa wutar gas ta walda suke amfani da ita, wadda zafinta ya haura digiri 3000, alhali bututan ragar lagireto ba su kai rabin milimita kauri ba. Gwani zai rage wutar, ya riƙa kaɗa ta, ya kuma shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan layin bututan da ke kusa, don su ma da dalma aka kama su, kuma zafin da ya narka ta wuya zai narka tasu. Mutum ya kawo yoyo ɗaya ya koma da uku, yawanci rashin tsumman nan ne.

Idan an gama, kada a motsa shi kuma kada a tsoma shi a ruwa, a bari ya huce da kansa. Sai wanki, wanda kusan kowa ke mantawa. Ruwan liƙin nan mai cin ƙarfe ne, idan aka bar shi, bayan 'yan watanni za a ga kore-kore ya fito a gefen haɗin, ƙarƙashinsa kuma rami. A wanke da ruwan zafi, a bi da ruwan kanwa kaɗan ya kashe tsamin, a ɗauraye sosai ciki da waje. Daga nan a sake mayar da shi baho a gwada. Mai gyaran da ya miƙo maka lagireto bai sake gwada shi a gabanka ba, aikinsa bai kammala ba.

Dalma ma tana da nata rauni. Ƙarfe ne mai taushi, kuma a zafin digiri 100 ƙarfinta na raguwa ƙwarai, idan ana jan ta kullum sai ta riƙa saki a hankali. Don haka wuyan da aka liƙe sau biyu ya sake tsagewa a wuri ɗaya, a daina zargin mai liƙi, a duba robobin da inji ke zaune a kai, da robobin ƙafar lagireton, da tiyon da ya tsufa ya sandare. A babban janareto ko tarakta, inda wuyan ke da kauri kuma ana iya raba shi da raga, gara a kama shi da sandar azurfa, wadda ke narkewa sama da digiri 600. Ita ce kuma ake sa wa bututun firji da na na'urar sanyaya ɗaki, waɗannan ba aikin dalma ba ne sam, matsinsu ya fi ƙarfinta.

To ina gam ke da rana? A alminiyam. Yawancin motocin da ke kan hanya yanzu lagiretonsu ragar alminiyam ce da tankin roba, kuma dalmar da aka saba da ita ba ta kama alminiyam, saboda wata siririyar fata da yake yi wa kansa da zarar iska ta taɓa shi. Ga shi yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, sai dai ka ga rami. Idan dutse ya huda bututu ɗaya ko biyu a raga, gyaran da ke aiki shi ne a cire siraran fikafikan da ke kewaye da wurin, a yanke bututun, a matse bakunansa da filaya a naɗe, sannan a rufe da gam. A nan naɗin ne ke ɗaukar matsi, gam toshe ƙofa kawai yake yi. Rasa bututu biyu ba zai sa inji zafi ba. Amma a dunƙula gam a shafe tafin hannu guda na raga, wannan ɓarna ce: efoksi kusan ba ya wuce da zafi, jan ƙarfe ya fi shi sau ɗaruruwa, duk inda ya rufe ya daina sanyaya komai.

Yana kuma yin amfani a kan ƙaramin rami a gidan famfon ruwa ko gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi) da tsatsa ta ci, da kuma injinan niƙa da na casa masu silinda ɗaya, waɗanda ruwansu ke zagayawa ta buɗaɗɗen duro. A waɗannan injinan babu matsi, ruwan ba ya wuce tafasa, faci mai kyau na iya cin damina da rani. Duk da haka, inda bututu ke shiga duron, abin da ya fi duka shi ne soket mai noti da washar roba ciki da waje. Ana ɗaure shi, ana kwance shi.

Gam ɗin ma ba ɗaya ba ne. Mai saurin kamawa, wanda aka rubuta wa minti 4 ko minti 5, shi ya fi yawa a kasuwa kuma shi ya fi rashin dacewa da wannan aikin. Galibin irinsa sukan fara laushi a zafin da bai kai na ruwan inji ba, kuma ruwan zafi na cin su da wuri. Mai jinkirin shi ne na aiki. J-B Weld na asali, misali, ana haɗa shi daidai wa daida, yana ɗaukar awa 4 zuwa 6 kafin ya kama, awa 15 zuwa 24 kafin ya gama ƙarfi, kuma ya fi ɗan'uwansa mai sauri jure zafi nesa ba kusa ba. Kowane iri ka ɗauka, juya bayan kwalin ka nemi zafin da aka ce yana jurewa. Idan bai haura 120 da rata mai kyau ba, ko ba a rubuta komai ba, ajiye shi. Wanda ya daɗe a rataye a rana har ɗaya ɓangaren ya yi tauri, shi ma a bar wa mai shago kayansa.

Wajen shafawa, a bushe wurin sarai, a goge maiƙo da tina. Ban da kananzir da man gas, su kansu maiƙo suke bari. A kankare da samfefa mai kaushi, lamba 80, a wuce ramin da santimita ɗaya zuwa biyu ta kowane gefe. Idan tsaga ce, a huda ƙaramin rami na milimita 2 a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin facin. A matso baƙi da fari tsayi ɗaya, a juya har launin ya zama guda babu zane. Ƙara mai sa ƙarfin da wai don ya yi saurin kamawa kuskure ne, abin da za a samu shi ne gam mai danƙo da ba zai taɓa ƙarfi ba. A alminiyam, a shafa nan take bayan kankarewa. Shafin farko a danna shi ya shiga ƙarce-ƙarcen, a ɗora ɗan yankin ragar waya, a rufe da na biyu, kauri ya kai milimita 2 zuwa 3.

Akwai abin da kwalin ba zai gaya wa mutumin Kebbi ba. Lokutan da aka rubuta na ɗaki ne mai zafin digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 10 na rage lokacin aiki da kusan rabi, ke nan gam mai minti 4 a tsakar ranar Afrilu ba zai ba ka minti 2 cikakku ba. A haɗa a inuwa, kaɗan-kaɗan, a baje shi a kan kwali maimakon a tara shi a murfin kwalba, don tarin da kansa yake ɗumama kansa. Sannan a ba shi kwana guda kafin a zuba ruwa. Direban da ya shafa da azahar ya ɗau fasinja da la'asar, shi zai dawo yana cewa gam ɗin jabu ne.

Tankin roba kuwa, kada a wahalar da kai. Irin robar da akan buga wa PA66-GF30 ce, gam ba ya kama ta da kyau, kuma idan ta fara tsagewa to ta tsufa ne gaba ɗaya. A canza tankin da robar bakinsa, ko a canza lagireton. Haka sufa gulu da yashi ko auduga, ruwan zafi na warware shi. Garin kwaki ko ɗanyen ƙwai da wasu ke zubawa a ciki na iya tsayar da ɗigo, amma bututan da ke da lafiya ma yana toshe su.

Wurin da ke da zare, kamar abin auna zafi da notin tsiyaye ruwa, ba ya son ko ɗaya cikin biyun. Washar jan ƙarfe sabuwa, ko zagaye uku zuwa huɗu na farin tef ɗin masu famfo, ya wadatar. Sai dai a lura da abin auna zafi mai waya ɗaya: ta zarensa yake samun hanyar komawar wuta, idan aka naɗe shi da tef ko aka cika shi da gam, allurar gaban direba za ta riƙa ƙarya, inji na tafasa tana nuna lafiya lau.

Wani abin da ke sa masu liƙi ƙara kuɗi, kuma da gaskiyarsu, shi ne a kawo musu wuyan da aka riga aka dama wa gam. Dalma ba ta kama inda efoksi ya taɓa sai an ƙone shi an kankare har ƙarfe, hayaƙinsa kuma ba abin shaƙa ba ne. Wanda ya san zai kai wa mai dalma gobe, gara ya sassauta murfi don matsi ya ragu, ya riƙe jarkar ruwa, ya tafi a hankali yana duba allura.

Maganar dalma ba ta wucewa a wannan yankin ba a tuna Zamfara ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Can daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga liƙi ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ta ƙura da hannu take shiga ciki. Yaran da ke koyon aiki a rumfar lagireto su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada a goge dalma kusa da mai sayar da abinci, kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin yara. Duk abin da ruwan sha zai bi ta cikinsa, tankin gida ne, na'urar sanyaya ruwan sha ce, ko bututun gidan fiya wata, ba a sa masa sanda mai dalma, sai ta kuza da jan ƙarfe ko ta kuza da azurfa. Amurka ta haramta dalma a bututun ruwan sha tun 1986. Koren ruwan lagireto da aka tsiyaye shi ma guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, awaki da yara na iya lasa, a tare shi a jarka a rufe.

Bayan an ɗaura lagireton, a sa sabon murfi mai lamba ɗaya da tsohon. Murfin 1.1 a kan tsohon lagireton da aka yi wa 0.9 zai nemo haɗi na gaba mafi rauni. A cika da ruwan lagireto na kanti, ko aƙalla ruwan sama da aka tace, don ruwan rijiya da na burtsatse na barin farin ɓawo a cikin bututu. A tada inji murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta fita, a ƙara ruwa, a rufe. Idan ya yi zafi, a zagaya gindin wuyan da busasshiyar takarda, washegari da safe kafin a tada shi a sake zagayawa, domin wani yoyon sai ƙarfe ya huce yake nunawa.